Na biya kuɗin megabit 100, burauza ta nuna 10: zan iya kai kamfanin intanet ƙara?

Tambaya: Barista, ina biyan wani kamfani kuɗin layin faiba mai saurin megabit 100 a daƙiƙa. Na buɗe wani shafi a burauzar Chrome, wato manhajar da nake buɗe shafukan intanet da ita, ya nuna saurin layina 10 ne kacal, har ya rubuta "4g", alhali ni faiba na saya. Safe da dare haka yake nunawa. Na ɗauki hoton allon na adana. Ina so in daina biya, in kai su kotu su dawo min da kuɗina, in kuma tona musu asiri a kafafen sada zumunta. Me doka ta ce?

Amsa: Malam, ta yiwu ana cutarka, ta yiwu kuma ba a cutarka. Hoton da ka adana ba zai raba wannan gardama ba, kuma in ka shiga kotu da shi kaɗai, lauyan kamfanin ba zai sha wahala da kai ba.

Lambobin nan biyu, 10 da "4g", su suka nuna min inda shafin ya samo bayaninsa. Bai auna layinka ba, tambayar burauzar ya yi. Tun 2017 Chrome ke ba shafuka damar yi mata wannan tambaya, domin su san ko su aiko da hotuna masu nauyi ko marasa nauyi. Amsar da take bayarwa kirdado ne, daga yadda bayanai suka riƙa shigowa a 'yan hulɗoɗin da ta yi kwanan nan. In shafukan da ka buɗe ƙanana ne, ko kwamfutar da ke aiko su tana jan ƙafa, kirdadon zai sauka ko da layinka lafiya lau yake.

Sannan da gangan ake dusashe lambar. Ana zagaye ta, ana ɗan jirkita ta, kuma Chrome ba ta faɗin abin da ya wuce megabit 10, don kada shafuka su yi amfani da saurin layin mutum su gane shi duk inda ya shiga. Mai layin 100 da mai layin 1,000 duk 10 za su gani. Shi ya sa lambarka ba ta motsi safe da dare, ai layi na gaske yakan hau ya sauka. Ita ma "4g" ba tana nufin an ɗora ka a kan layin wayar salula ba. Aji ne cikin azuzuwa huɗu da burauza ke raba layi, kuma shi ne na ƙoli: duk layin da ya haura kilobit 700 a daƙiƙa, amsarsa kuma ke dawowa da wuri, nan ake saka shi, ko faiba ne ko mene ne. Wasu burauzan ma, irin su Firefox da Safari, ba sa ba shafuka wannan bayani.

A shari'a wanda ya yi iƙirari shi ke kawo hujja, kuma abin da alƙali zai fara nema shi ne takardar yarjejeniyarku. Ɗauko ta ka karanta da kyau. Shin an rubuta "megabit 100" ne, ko "har zuwa megabit 100"? Kalmomin nan biyu, "har zuwa", suna iya kashe ƙara, domin alkawarin iyaka ne ta sama. Nemi inda aka faɗi mafi ƙarancin saurin da kamfanin ya lamunce maka, da inda aka ce za a rage sauri in ka wuce wani adadin data, da tsawon wa'adin da ka ɗaure kanka da tarar fita kafin lokaci. Duba kuma ko ka sa hannu a kan cewa sai an bi ta hanyar sasanci kafin kotu. Kusan ko'ina alkawarin kamfani yana tsayawa ne a bakin rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida; abin da Wi-Fi ya cinye tsakanin ɗaki da ɗaki naka ne.

Ƙasashe sun bambanta a yadda suke kare mai saye. A Tarayyar Turai, doka mai lamba 2015/2120 ta wajabta wa kamfani ya rubuta a yarjejeniya mafi ƙarancin sauri, da wanda aka saba samu, da na ƙoli, da wanda ya tallata. Ta kuma ce babban giɓi mai ɗorewa ko mai yawan maimaituwa saɓa alkawari ne, amma da sharaɗin an tabbatar da shi ta ma'aunin da hukumar sadarwa ta amince da shi. Jamus ta bi wannan tun Disamban 2021: mutum na iya rage kuɗin da yake biya ko ya fice, bayan ya yi awo 30 a ranaku uku daban-daban da manhajar hukuma, kwamfutarsa a jone da waya. A Birtaniya, kamfanonin da suka sa hannu a ƙa'idar Ofcom, hukumar sadarwar ƙasar, suna da kwana 30 su gyara, in sun kasa mai saye ya fita ba tara. Ka lura, ko a wuraren da doka ta fi tsaya wa mai saye, ba a karɓar abin da burauza ta faɗa.

Don haka ka tara hujja mai ƙwari. Jona kwamfuta da rauta ta waya, ka cire sauran na'urorin gidan, ka rufe duk abin da ke jan data a ɓoye. Yi amfani da ma'aunin hukumar sadarwar ƙasarka in tana da shi. In babu, ka haɗa sanannun ma'aunai biyu, irin su Speedtest da Fast.com, waɗanda ke sauke bayanai da gaske su ƙirga lokaci. Auna safe da rana da dare na tsawon mako biyu, kowane awo da kwanan watansa da lokacinsa. Ka kula da awon kansa: lambar da burauza ke nunawa lokacin sauke fayil megabayit ce, kowane ɗaya kuma megabit takwas ne, saboda haka 12.5 a nan daidai yake da 100 ɗin da ka saya.

In awon ya nuna giɓi, rubuta wa kamfanin koke a rubuce, ka haɗa da sakamakon, ka faɗi abin da kake so: gyara cikin wa'adi, ko ragin kuɗi, ko fita ba tara. Karɓi lambar koken ka adana. In sun yi biris, sai hukumar sadarwa ko ta kare haƙƙin masu saye, wadda galibi kyauta take sauraro. Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma ban cika ba da shawararta ba a irin wannan, domin abin da za ka samu yawanci bambancin kuɗin ne tsakanin abin da ka biya da abin da aka ba ka. Asarar kasuwanci tana da wuyar samu, don yarjejeniyar layin gida kan cire ta. In akwai kotun ƙananan ƙararraki a inda kake, ita ta fi dacewa.

Kada ka daina biya da ka. Yin haka zai mayar da kai mai saɓa alkawari, su yanke layin su kuma bi ka bashi; ci gaba da biya, kana rubuta cewa kana yi ne ba tare da ka janye kokenka ba. Maganar tona asiri kuwa, kana da damar faɗin abin da ka auna da ranar da ka kai koke. Amma in ka kira su 'yan damfara bisa lambar da Chrome ta ƙayyade da kanta, ƙarar ɓata suna ce za ta biyo baya, kuma a wannan karon kai za a nema ka tabbatar da abin da ka faɗa.