Tambaya da Amsa: Tarar naira 50,000 kan tuƙin ganganci, in biya ko in je kotu?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Baba Magatakarda. Ni malamin firamare ne a Funtuwa. Ina da 'yar Golf da nake ɗaukar fasinja da ita Asabar da Lahadi zuwa Zariya, don a samu na cefane. Asabar ɗin da ta wuce, ina dawowa, na bar Giwa kaɗan sai na tarar da tirela ɗauke da siminti tana jan ciki. Na bi ta har na gaji, na leƙa na ga hanya, na sa sigina na fita. Ina tsakiyar tirelar sai ga ɗan acaɓa ya ɓullo daga kwana. Na taka totur na shige, shi kuma ya sauka gefen titi. Ba wanda ya faɗi, ba wanda ya ji ciwo. Ashe jami'an hanya na tsaye a gaba. Suka karɓe lasina, suka rubuta mini takarda wai tuƙin ganganci, tara naira 50,000. Baba, wannan ya fi rabin albashina. A tasha wasu sun ce in biya in huta, wasu sun ce in je kotu tunda ban bugi kowa ba, wani kuma ya ce ya san wanda zai karɓo mini lasin da dubu goma. Yaya zan yi?

Ɗanka, malami daga Funtuwa.

AMSA

Wa'alaikumus salam, Malam. Bari in fara sallamar mai dubu goma. Ka rabu da shi. In ya cuce ka ba ka da inda za ka kai ƙara, in kuma ya cika alkawari to hanci ka bayar, wanda shi kansa laifi ne mai zaman kansa. Takardar da aka riga aka rubuta tana da lamba, tana da kwafi a ofis. Karɓo lasi ta bayan gida ba ya goge ta.

Ba ka faɗa mini sunan hukumar da ke saman takardar ba, kuma yana da muhimmanci, don kowace da dokarta: ta tarayya daban, irin su KAROTA a Kano da KASTLEA a Kaduna daban, 'yan sanda daban. Zan yi maka bayani da dokar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta shekarar 2007, don ita ce ta fi shafar masu bin manyan hanyoyi. In taka ta jiha ce, adadin kuɗi zai iya bambanta, amma lissafin da za mu yi bai canja ba.

Wannan takarda ba hukunci ba ce, sanarwar tuhuma ce. Jami'i ba alƙali ba ne. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar, kuma yana da haƙƙin a saurare shi a gaban kotu. Abin da takardar ke cewa shi ne: ga ƙofa biyu. Ka biya ta banki ka yafe haƙƙinka na zuwa kotu, ko ka ƙi biya a gurfanar da kai. Don haka abokanka da suka ce kana iya zuwa kotu ba su yi ƙarya ba. Inda suka ɓata shi ne dalilin da suka ba ka.

"Ban bugi kowa ba." Na yi shekaru ina zaune ƙasan kujerar alƙali ina rubutu, kuma ban san sau nawa na ji direba ya faɗi wannan kalma yana murmushi, yana zaton ya gama kare kansa ba. Doka ba ta jiran jini. Abin da take dubawa shi ne ko yadda ka tuƙa ya jefa jama'a cikin haɗari, idan aka yi la'akari da yanayin hanyar da yawan masu bin ta a lokacin. Da ka bugi yaron nan ya mutu, ai ba wannan sashen za a karanta maka ba, wani ne mai ɗaurin da ke kaiwa shekara bakwai. Wanda aka rubuta maka an yi shi ne daidai don ranar da Allah ya kiyaye.

Yanzu sake karanta wasiƙarka kamar kai ne mai gabatar da ƙara. Ka fita shan gaban doguwar mota. Akwai kwana a gaba. Ba ka hango abin da ke bayan kwanar ba, shi ya sa ka ce ɗan acaɓan "ya ɓullo". Da ka gan shi ba ka koma bayan tirelar ba, gudu ka ƙara. Shi ne ya bar maka titi, a hannunsa. Kuma da fasinja a motarka. Malam, ka yi haƙuri da ni, in ka maimaita wannan labari a kotu yadda ka rubuto mini shi, jami'in ba sai ya buɗe baki ba. Ka yi masa aikinsa.

To, ba ka da ta cewa ke nan? Kana da ita, sai dai ba wadda 'yan tasha suka ba ka ba ce. Duba jerin laifukan da ke jikin takardar. A jadawalin dokar 2007, shan gaban mota ba bisa ƙa'ida ba laifi ne daban, tararsa naira 3,000 da maki uku. Tuƙin ganganci kuwa naira 50,000 da maki goma. Makin nan taruwa yake a kan lasi, daga gargaɗi ya kai ga dakatarwa, ya kai ga ƙwacewa, kuma mai neman abinci da sitiyari bai kamata ya raina shi ba. Maganar da za ka iya tsayawa a kanta ba tare da ƙarya ba ita ce: na yi laifi, amma wanda aka rubuta ya fi wanda na yi girma. Na sa sigina, ba gudun wuce sa'a nake ba, takarduna cikakku ne, ba a taɓa kama ni ba. Wannan magana ce ta mai hankali, kuma ana sauraren ta. Ko za a karɓa, wannan ban yi maka alkawari ba, don saukar ɗan acaɓan nan gefen titi nauyi gare ta.

Wurin fara faɗinta ofis ne, ba kotu ba. Kafin wa'adin da ke jikin takardar ya cika, ka rubuta wasiƙa ga shugaban ofishin da jami'an suka fito, shafi ɗaya ya isa. Ka sa lambar takardar, rana, wuri, abin da ya faru ba ƙari ba ragi, da roƙon a sake duba laifin da aka rubuta. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimi a kan naka. Ka je da kanka, da safe, cikin shigar kirki, ba tare da ɗan rakiya mai zafin kai ba. Kada ka zagi jami'in a wasiƙar, kada ka ce kuɗi ya nema in bai nema ba. Shugaba na iya gyara tuhumar da ta yi yawa, amma ba zai yarda a gabanka cewa yaronsa maƙaryaci ne ba, musamman in ba haka ba ne.

In sun ce a'a, sai mu ɗauko alƙalami. Giwa a jihar Kaduna take, kai kana zaune a jihar Katsina, kuma shari'a tana bin inda abu ya faru ne. Kotu ba ta zama Asabar, ke nan kowane zama ranar makaranta ce za ka bar 'yan aji. In ka dace da kotun tafi-da-gidanka, a yini ɗaya ake gamawa. In kotun majistare ce kuma ka musa laifi, sai beli, sai mai tsaya maka, sai a ɗage don a kira shaida, ranar da shaida ya zo wataƙila alƙali na taro. Zuwa uku ko huɗu ba abin mamaki ba ne. Sa kuɗin mota, sa na lauya, wanda da wuya ya gaza tarar kanta. Sa Asabar da Lahadin da Golf za ta kwana a ƙofar gida saboda lasi na hannun hukuma. Mafi kyawun abin da za ka samu, a mayar da laifin ƙarami ka tsira da naira 47,000 da maki bakwai. Mafi muni, dokar ta ba alƙali damar tarar naira 50,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko duka biyun. Ban ce za a ɗaure ka ba, mai laifin farko da bai raunata kowa ba tara ya fi samu. Amma kai ma'aikacin gwamnati ne, hukuncin kotu a kan sunanka ba ado ba ne. Shari'a kuwa mace ce mai ciki.

Akwai waɗanda nake cewa su je kotu ko da za su yi asara: wanda aka rubuta wa laifi a hanyar da bai bi ba, wanda aka sa lambar motar wani, wanda ke da hoton bidiyo ko fasinjojin da suka yarda su zo su rantse. (Fasinjan haya, in ka sauke shi a tasha, sai a lahira.) Haka kuma wanda ya yi haɗari aka ji rauni ko aka yi ɓarna, kada ya biya ko sisi sai ya ga lauya, don rasidin na iya fitowa ranar da ake maganar diyya. Kai ba ka cikin ko ɗaya. Da ni ne, zan kai wasiƙar. In an rage, alhamdu lillahi. In ba a rage ba zan nemi rance a adashin malamai, in biya ta banki, in adana rasidi, in karɓo lasina kafin Asabar.

TAMBAYA

Baba, gaskiya ne kotu ta hana jami'an hanya cin tara gaba ɗaya? Haka ake ta yaɗawa a WhatsApp.

'Yarka, daga Suleja.

AMSA

'Yata, an ji ƙaho ne ba a ga sa ba. A watan Oktoban 2024 babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke cewa jami'an duba lafiyar motoci na birnin tarayya, waɗanda ake kira VIO, ba su da hurumin tare mota, kama ta ko cin tara. Hukuncin a kansu yake, bai soke dokar 2007 ba, bai kuma taɓa dokokin jihohi ba. In aka ba ki takarda, fara duba sunan hukumar da ke samanta, sannan ki rubuto mini.