Haɗa tukunyar jan ƙarfe don tace ruwan wardi a gida

Ka tambaya ko za ka iya haɗa tukunya mai dogon wuya da jan ƙarfe domin fitar da ruwan wardi da man na'ana'a. Za ka iya. Ruwa yana tafasa a ƙasa, tururi ya ratsa furen wardi ko ganyen na'ana'a da aka zuba a wuyan bisa faifai mai huji, sannan ya bi murɗaɗɗen bututu da ke nutse cikin ruwan sanyi, ya ɗigo.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wurin liƙi. Kada maƙeri ya yi amfani da dalma, domin gubarta tana bin abin da aka tace. A nemi maliƙin kuza da azurfa. Kada kuma a cusa ganye har ya toshe hanya, ko a rufe bakin bututu, saboda tukunyar da tururi ya rasa mafita tana iya fashewa. Idan ka ga tsatsa kore a ciki, ka goge ta da lemun tsami da gishiri.

Tace barasa kuwa batu ne dabam: a Amurka da Birtaniya sai da lasisi. In kuma za ka sayar da abin da ka tace a Najeriya, ka tuntuɓi NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, tukuna.