Amsoshin Tambayoyinku: Sauya wa Tsohuwar Mota Sitiyari Zuwa Na Rak

Tambayoyin wannan mako sun taru a kan abu guda, wato cire akwatin sitiyari daga tsohuwar mota a maye gurbinsa da rak, wato sanda mai haƙora da ke juya tayoyi, irin wanda ke cikin kusan kowace ƙaramar motar zamani.

Tambaya: Malam, ni mazaunin Amurka ne, kuma ina da Ford Mustang ƙirar 1966. Sitiyarinta yana wasa, sai na juya shi kamar faɗin tafin hannu kafin tayoyi su amsa, a kan babbar hanya kuwa kullum cikin gyara mata zama nake. Na ga kamfanoni suna sayar da rak da aka ƙera domin irinta. In saya?

Amsa: Ranka ya daɗe, kafin ka fitar da kuɗi yana da kyau ka san abin da za ka cire da abin da za ka saka. A motarka, idan ka juya sitiyari, motsin yana shiga wani akwati mai ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke zagayawa a ciki, daga nan ya fita ta wani hannun ƙarfe da ake kira fitman, ya bi sandar tsakiya wadda wani hannu ke tallafe da ita a ɗaya gefen, sannan ya isa tayarod har ya kai ga taya. Kowace gaɓa a wannan doguwar hanya tana iya cinyewa, kuma idan kowace ta yi ɗan sako-sako kaɗan, sai su haɗu su zama faɗin tafin hannun da kake ji. Shi kuwa rak sanda ce mai haƙora, wadda wani ƙaramin giya da ke ƙarshen sandar sitiyari yake turawa hagu da dama, tayarod kuma a jikinta suke. Gaɓoɓinsa kaɗan ne, shi ya sa yake amsawa nan take. Kamfanin Ford bai saka shi a Mustang ba sai a 1974, lokacin da ya fito da Mustang II.

Amma wasan sitiyari shi kaɗai bai isa hujjar sauyi ba. Ka sa wani ya zauna a ciki yana kaɗa sitiyarin a hankali, kai kuma ka kwanta a ƙasa da tocila kana bin gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, ka ɗora yatsa a kan kowace ka ji inda gefe ɗaya ke motsi ɗayan yana tsaye. Sau da yawa laifin na kan tayarod ne, ko bushin na hannun da ke tallafe da sandar tsakiya, ko boljoyin, kuma kuɗin sauya su bai kama ƙafar kuɗin rak ba. Akwai kuma kusar da ake rage wasan akwatin da ita daga sama, sai dai a kiyaye, domin wanda ya matse ta fiye da kima zai cinye haƙoran ciki, sitiyarin kuma ya daina komawa tsakiya da kansa bayan an sha kwana.

Idan ka yi wannan duka kuma har yanzu kana son saurin amsawa irin na motar zamani, to ka sayi wanda aka ƙera domin Mustang ta shekarar motarka, ba wanda aka ce yana shiga kowace mota ba. Flaming River da Unisteer da Total Control Products duk suna yin irinsa. Ka tambayi mai sayarwa ko rak ɗin zai kauce wa tukunyar baƙin mai da bututun salansa na injin da ke motarka, ka kuma tambaye shi ko zai rage mata iya shan kwana. Ka sani cewa a Mustang ta 1965 da 1966 sandar sitiyari ɗaya ce miƙaƙƙiya tun daga akwati har zuwa hannun direba, saboda haka dole a yanke bututun da take ciki ko a sauya shi ɗungurungum, wannan kuma ƙarin kuɗi ne da mutane kan manta da shi a lissafi. Ka adana duk abin da aka cire, domin masu sayen tsofaffin motoci suna daraja wadda kayanta na asali suke nan. Akwai kuma hanya ta tsakiya da nake ganin ta fi dacewa da mafi yawan masu irin motarka: kamfanin Borgeson yana yin akwati mai pawa a cikinsa wanda ke zama a gurbin tsohon, ya bar sauran kayan ƙafa yadda injiniyoyin Ford suka auna su.

Tambaya: Ina da tsohuwar Marsandi 230E a Kaduna. Bakanikena ya ce zai samo mini rak na wata motar Japan a kayan gwanjo, ya yi masa mazauni da walda. Yaya kake gani?

Amsa: Alhaji, ina roƙonka kada ka yarda, ko da bakaniken naka gwani ne a walda. Matsalar ba ta ƙarfin walda ba ce, ta awo ce. Idan taya ta hau tudu ko ta faɗa rami, hannuwan ƙafa na sama da na ƙasa suna lilo a kan wata baka, kuma wajibi ne tayarod ya yi lilo a kan baka mai dacewa da tasu. Hakan ba ya yiwuwa sai gaɓarsa ta ciki ta zauna a daidai tsayi da daidai faɗin da tsarin ƙafar ya nema. Rak da aka ƙera domin wata mota yana da nasa faɗin, kuma idan ya fi abin da ake buƙata tsawo ko gajarta, duk sanda taya ta yi sama ko ƙasa sai tayarod ya ja ta ko ya tura ta, motar ta karkata da kanta alhali hannunka bai motsa ba. A cikin gari ba lallai ka lura ba, amma a gudun kilomita 100 a kan hanya mai gargada wannan yana iya kai mota daji. Ƙari a kan haka, rak da aka yi domin ya zauna a gaban layin tayoyi daban yake da wanda aka yi domin ya zauna a bayansa, har idan aka musanya su, ka juya dama taya ta yi hagu. Wanda ya fito daga motar Ingila ko ta kasuwar Japan kuwa yana iya zama na tuƙin dama, alhali tun 1972 motocinmu a Nijeriya sitiyarinsu a hagu yake.

Akwatin da ke motarka ba abin rainawa ba ne. Kamfanin Mercedes ya riƙe wannan tsari a wannan jerin motoci har sai da ya fito da ƙirar W210 a 1995, kuma a hanyoyi masu ramuka akwatin yana shanye duka, ba ya kawo shi hannun direba kamar yadda rak ke yi. A sauya robar da ke haɗa sandar sitiyari da akwati, da bushin na hannun gefen fasinja, da ƙaramin shokazoban da ke kwance a jikin sandar tsakiya, a duba shasi a wurin da akwatin ke ɗaure ko ya tsage, sannan a yi alaimen. Idan akwatin ya cinye, a nemi wani mai lafiya na irin motar.

Tambaya: Shin Fijo 504 ma tana buƙatar wannan sauyi?

Amsa: Ba ta buƙata, domin da rak ta fito daga masana'anta, haka ma 404. Idan naka yana wasa, a duba tayarod da robobin da ke rufe bakin rak ɗin, waɗanda idan suka yage ƙura da ruwa ke shiga su ci haƙora.

Tambaya: An riga an saka wa motata rak mai pawa. Yanzu sitiyarin ya yi sauƙi fiye da kima, motar tana firgita a kan gargada, kuma sai na yi ribas kafin in juya a inda da nake juyawa kai tsaye. Akwai gyara?

Amsa: Ɗan'uwa, akwai, amma kowace matsala da nata maganin. Sauƙin da ya wuce kima yawanci daga famfo yake, domin famfon da aka yi wa tsohon tsari yakan tura mai da ƙarfi da yawa fiye da abin da rak ke buƙata, kuma ana sayar da ɗan bawul da ke rage shi. Ƙara wa ƙafar gaba kwanciyar baya a wajen alaimen, abin da masu aikin ke kira kasta, shi ma yana sa sitiyari ya yi nauyi daidai ya riƙa komawa tsakiya.

Firgitar kuwa ita ce matsalar awon da na bayyana a sama, kuma auna ta ake yi, ba a gane ta da ido. A ɗaga motar, a cire sifirin na gaba, a sa jak a ƙarƙashin hannun ƙafa ana ɗaga shi ana sauke shi kaɗan-kaɗan, ana duba ko bakin tayar yana shiga ciki ko yana fita waje. Daga nan sai a gyara tsayin rak ɗin ko na kan tayarod da washa har motsin ya kusa ɓacewa. Raguwar shan kwana ta fi wuyar magani, saboda tafiyar rak daga ƙarshe zuwa ƙarshe sau da yawa ba ta kai ta tsohon tsari ba. Wasu kamfanoni suna sayar da gajerun hannuwan sitiyari da ke dawo da wani abu daga ciki, amma kada a kuskura a gasa na asali da wuta a lanƙwasa su.

Tun da motar tana sama, a duba gaɓoɓin da ke haɗa sandar sitiyari da rak. Gaɓa guda bai kamata ta lanƙwasa fiye da digiri 35 ba, idan kuma gaɓoɓin sun wuce biyu dole a yi wa sandar matallafi a jikin shasi. A juya sitiyarin daga ƙarshe zuwa ƙarshe a tabbatar ba ya cijewa a ko'ina, kuma tiyon mai bai kusanci bututun salansa ba, sannan bayan tafiyar farko a sake bin kowane noti da sifana.