An kawo mini fiyano na hannu ba caja, in saya ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni matashi ne daga Tudun Wada a Gusau. Shekara biyu ke nan ina haɗa kiɗa da manhajar FL Studio a laftof, da linzami kawai nake danna komai. Bana na sayar da waken soyan da na noma, ina so in sayi fiyano in riƙa aiki a ɗaki, waƙoƙin biki da na soyayya. Wani ya kawo mini Yamaha PSR na hannu da araha, amma ba cajarsa, ya ce a kasuwa za a samo mini wadda za ta shiga. Abokina kuma ya ce in rabu da PSR, in sayi ƙaramar sintesaiza, wato na'urar ƙera sautin lantarki, irin ta kamfanin Korg, wai ita ake yayi. Wallahi Malam tsoro nake ji. Kuɗin damina guda ne, in suka tafi sai baɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa wa noman albarka. Kai tsoron zaɓen fiyano kake yi, ni kuwa abin da ya tayar mini da hankali a saƙonka shi ne maganar nan ta "za a samo wadda za ta shiga". Zan zo kanta. Bari in fara sallamar abokinka.

Ƙananan sintesaiza ba abin rainawa ba ne. Korg Volca Keys da ta fito a 2013 tana da daɗin sauti, haka microKORG da ke kasuwa tun 2002. Sai dai ta farko sauti uku kawai take fitarwa a lokaci guda, ta biyun huɗu, kuma maɓallan microKORG 37 ne, ƙanana. Aikinsu ƙera bes, wato sauti mai kauri, da sautukan lantarki. Kai kuwa waƙar biki kake yi, kana bukatar sarewa da goge da ganguna, da filin da hannu biyu za su sake. Wanda bai auni hatsi ba ai ba ya fara cefane da yaji. In Allah ya hore nan gaba sai ka ƙara ta.

Tunda kana da laftof, mafi arha a gare ka shi ne fiyanon MIDI, irin M-Audio Keystation 49 ko Novation Launchkey. Ba shi da sautin kansa, saƙon maɓallin da ka danna kawai yake aika wa FL Studio ya kaɗa, wannan saƙon shi ne MIDI, wutarsa kuma ta igiyar USB yake sha, don haka ko an ɗauke wuta kana aiki har batirin laftof ya ƙare. Akai MPK Mini ma yana yi, amma maɓalli 25 ya yi wa irin kiɗanka kaɗan. In kuwa kana so mawaƙi ya zo ku gwada amshi ba tare da kunna kwamfuta ba, ko ka ɗauka zuwa wurin biki, to PSR ɗin dai. Ka duba lambar da ke jikinsa. E273 ba shi da USB, kuma ko ka taɓa a hankali ko ka doka da ƙarfi sautin ɗaya ne, wannan na koyon yara ne. E373 na 2020 yana da maɓalli 61 masu jin nauyin yatsa, USB ɗinsa kuma na kai MIDI da sauti duka cikin kwamfuta. E473 na 2022 ya ƙara da wurin sa makirfo, da ɗaukar ɗan gajeren sauti ka ajiye, da 'yar tayar nan ta lanƙwasa sauti. Tayar nan ita ce ke sa sarewa ta yi kuka kamar mutum ke busawa, kuma E373 ba shi da ita. Casio CT-S300 yana da ita a kuɗi ƙasa da haka, sai dai MIDI kawai USB ɗinsa ke ɗauka. Kada yawan sauti ya ruɗe ka. An rubuta 622 a E373, 820 a E473, amma in ka yi shekara kana aiki za ka tarar goma sha wani abu kake juyawa. Kuma a cikinsu duka babu kalangu ko kotson da zai gamsar da kunnen Bazamfare. Wannan sai ka kira makaɗi, ka sa masa makirfo, ka ba shi na goro.

To, mu koma kan caja.

Shekarun da na yi ina buɗe cikin fiyano, waɗanda tsufa ya kashe ba su kai rabin waɗanda caja ta kashe ba. Kullum maganar ɗaya ce: ai bakin ya shiga. Bakin ya shiga, sai me? Makullin gidan maƙwabcinka ma yana iya shiga kwaɗonka. Kwanaki wani yaro ya zo mini daga Kaura Namoda da PSR naɗe cikin zanen gado. Tun kafin in kwance ƙullin farko na ji ƙaurin. Na ce ina cajar? Ya zaro ta daga aljihu, cajar laftof ce mai volt 19, an yanke bakinta an ɗaura wani da baƙin salatif. Fiyanon volt 12 yake ci. Wanda ya yi masa wannan aikin har kuɗin hannu ya karɓa, ya ce masa, "Wagga ma ta fi ƙarfi, sauti zai fi tashi." Sautin da ya tashi ɗaya ne, fat, sai hayaƙi. Fanel ɗin, wato allon lantarkin cikinsa, ya ƙone har wurin da ba a samun kayansa sai an yanko daga wani mataccen.

Abu huɗu ake dubawa, kuma duk a rubuce suke a bayan caja, wasu kuma har kusa da ramin da ake soka ta. Na farko volt, wanda dole ya zo daidai, ba a ciniki a kansa. E373 da E473 volt 12 ne, cajojinsu PA-130 da PA-150. Manyan irin S670 da SX600 kuwa volt 16 suke ci. Kamfani ɗaya, suna iri ɗaya, wuta daban. Na biyu amp. Nan ne mutane suka juya abin baibai: sai su ji tsoron caja mai amp da yawa, su rungumi mai volt da yawa. Amp in ya yi yawa ba komai, na'ura abin da take bukata kawai take ja. In ya gaza ne caja take zafi, fiyano ya riƙa mutuwa duk sanda ka ƙara murya.

Na uku shi ne wanda 'yan gyaran bakin titi ba sa ko kallo. Akwai wani ɗan zane, ɗigo a tsakiya da rabin da'ira kewaye da shi, da alamar tarawa a gefe guda, ta ɗebewa a ɗaya gefen. Shi ke gaya maka ko tsakiyar bakin fositif ce ko negetif. Na Yamaha tsakiya fositif. Tsofaffin Casio masu cajar AD-5 volt 9 ne, tsakiya negetif, sababbin kuwa irin CT-S volt 9.5 ne, tsakiya fositif. Volca da abokinka yake yabo volt 9 ce, tsakiya fositif, cajar fedal ɗin jita ta Boss ita ma volt 9 ce amma tsakiya negetif. Ka ga lamba ta zo ɗaya, wuta kuwa a juye. Wata na'urar tana da abin kariya, sai ta ƙi kamawa kawai. Wata kuma ba ta yi maka wannan alfarmar. Su kuma cajojin nan da ake kira mai-baki-da-yawa, masu ɗan makunnin zaɓen volt a ciki, ni ko kyauta aka ba ni ba na sa wa fiyano. Yaro ya murɗa makunnin yana wasa, ko a juya bakin wajen sakawa, shi ke nan. Ko ba ta kashe shi ba, tana zuba wani zuuu a cikin rikodin, ka kwana kana zargin igiya da sifika.

Na huɗu ya shafi kayan hannu musamman. Wutarmu a Nijeriya volt 230 ce. Ta Amurka 120, ta Japan 100. Fiyanon da ya fito daga can da tsohuwar cajarsa mai nauyi, ko da ta asali ce, in an rubuta 120V kawai a wurin shigar wuta ka soka ta a bangonmu, ta tafi, wani lokaci ta tafi da fiyanon. Sai wadda aka rubuta wa 100-240V. Shi ya sa in mai kaya ya ce wai ba caja nake so in san dalili. Wataƙila ta ɓace ne a hanya. Wataƙila kuma an soka ta ta ƙone, an jefar, an goge fiyanon da man shafawa an kawo maka.

Kuma ko ka sami cajar kirki ba ka gama ba, don ka san halin wutarmu. A ɗauke, a kawo da ƙarfi. Wani a unguwa ya hau canza layi, ko wayar nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta saki, wutar da ke shigowa gidanka ta doshi volt 400. Ƙaramin janareta kuma in mai ya kusa ƙarewa sai ya riƙa tari, wuta na hawa tana sauka. Ka sayi stabilaiza mai ɗan jinkiri kafin ta saki wuta, kuma in ka tashi daga aiki ka zare caja daga bango, kashe makunni bai isa ba. Sabuwar fitinar da ta shigo yanzu ita ce ta sola. Wai tunda batiri volt 12 ne, fiyano ma 12, sai a ja waya kai tsaye. Batirin da ake ce wa 12, in rana ta take yana caji, yana haura 14. Wa ya gaya musu sunan batiri shi ne ma'auninsa? In babu wuta, E373 da E473 duka suna cin batirin AA guda shida, har da masu caji, sai dai ka shiga saiti ka gaya masa irin wanda ka sa. Wannan ya fi maka duk wata dabara.

Masu gyara 'yan'uwana, ku ji tsoron Allah. Wanda bai mallaki mitar gwada wuta ba, ko yana da ita bai iya karanta ta ba, me ya kai shi yanke bakin caja? Cewa "ban sani ba, je ka wurin wane" ba ta rage wa kowa arziki. Yaro ya yi damina guda yana duƙe a gona, ka ƙona masa ita cikin daƙiƙa ɗaya saboda kuɗin da ba zai saya maka kwanon shinkafa ba, sannan ka ce ƙaddara ce. Haƙƙi ne, kuma za a tambaye ka.

Game da wanda aka kawo maka, kada ka biya ko sisi sai ka ji shi yana kuka. In irin mai cin batiri ne, ka je da sababbi guda shida, ka leƙa ramin batirin tukuna, in ka ga tsatsa ko farin gari to wani ya taɓa fashewa a ciki. Ka bi maɓallan 61 ɗaya bayan ɗaya, baƙaƙe da farare, a hankali sannan da ƙarfi. Wanda ya yi shiru, ko ya yi tsawa alhali a hankali ka taɓa, ƙura ce ta shiga ƙarƙashin robar, abin da hunturunmu ya saba yi. Wannan ana gyarawa, amma a rage maka kuɗi. Ka tafi da laftof ɗinka da igiya ka ga FL Studio ya gane shi, ka sa abin kunne ka girgiza bakin ka ji ko yana yankewa. Ka bar shi a kunne kamar rabin awa kuna hira, don wani ciwon sai ya yi zafi yake fitowa.

In ya tsallake duk wannan, ka ce wa mai shi ya cire kuɗin caja ta asali daga farashin, ka aika Kano ko Legas a sayo maka mai lambar da ta dace. Ran da ta iso, a ɗora mata mita a gabanka kafin ta taɓa fiyanon. Ka kuma samo wani tsohon zani mai kauri na rufe shi, don iskar Disamba ba ta neman izini kafin ta shigo ɗaki.