Amsa: Me ke sa jirgin sama na Mosquito karkata hagu wajen tashi?

Ɗan'uwa, ka ce Mosquito ɗinka a DCS, wasan kwamfuta na tuƙa jiragen yaƙi, yana kauce wa titi da zarar ka ba shi wuta. Ba matsalar kwamfutarka ba ce, haka jirgin yake tun asali. Injinan Merlin biyun da ke jikinsa farfelarsu gefe ɗaya suke juyawa, shi ya sa yake fizgar ka hagu. Jirgin P-38 na Amurka kuwa farfelarsa saɓanin juna suke yi, ba ya wannan halin.

Ni ma sau da yawa na tsinci kaina cikin ciyawa. Ka fara tura maƙurar hagu, wato abin ba injin hagu wuta, gaba kaɗan, sannu a hankali, ƙafarka na kan fedar dama mai karkata jirgin dama. Da wutsiya ta ɗaga, sai ka daidaita maƙurar hagu da ta dama. Jirgin katako ne, tun 1940 yake, lallaɓawa yake so.