'Ya'yan itacen bakin hanya a Ingila: yadda za ki yi ruwan sha ba tare da ya zama giya ba

'Yar'uwa, kin ce maƙwabciyarki Baturiya tana tsinko bilakberi da eldaberi, wasu ƙananan baƙaƙen 'ya'yan itacen daji, a shingen gonaki tana yin giya, kina so ki yi naki ruwan sha amma kina tsoron kada ya juye.

Abin da ke juyar da shi shi ne yis. Akwai shi a fatar 'ya'yan itacen tun daga daji, shi ke cin sukari ya mai da shi barasa da iska. Masu giya suna ƙara sukari da yis, su zuba a babbar kwalba mai cin lita 4.5, su bar shi makonni a wuri mai ɗumi yana kumfa. Ke kuwa akasin haka za ki yi. Ki wanke, ki tafasa sosai, ki tace da ƙyalle mai tsabta, ki sa sukari ki sake tafasawa, sannan ki zuba a kwalabar da aka dafa. Firji zai riƙe shi kwanaki kaɗan, sauran ki daskarar. In kin buɗe kin ji yana tsiyaya iska ko warin tsami, kamar zoɓon da ya kwana a zafi, to ki zubar.

Eldaberi kam kada ki kuskura ki ci ɗanye, yana sa amai da gudawa, kuma ki cire sandunansa duka kafin dafawa. Bilakberi ba shi da wannan matsalar, Agusta zuwa Satumba yake nuna. Dokar Ingila kan sata ta 1968 ta yarda a tsinka don amfanin gida, ban da sayarwa. Ki guji na bakin babban titi saboda hayaƙin mota.