Bakkale a Garke: Wane Gwajin Jini Za a Dogara da Shi?

Tambaya: Wani mai kiwon shanun madara a yankin Ikorodu da ke Jihar Legas ya rubuto cewa ya sayo shanu daga kasuwar Oko-Oba da ke Agege, sai wasu daga cikinsu suka yi ɓari a wata na 7, mabiyiya kuma ta ƙi fita da wuri. Likitan dabbobi ya yi musu gwajin Ros Bengal ya ce akwai alamar bakkale, amma wani abokin sana'a ya ce kada ya amince sai an yi wani gwajin jinin na daban da ake yi a ɗakin gwaji, mai suna ELISA. Wanne zai bi?

Amsa: Alhaji, za ka bi su duka biyun, amma a jere. Ɓari a ƙarshen ciki, riƙe mabiyiya, kumburin gwiwa da kumburin maraina a bijimi duk alamomin bakkale ne, cutar da ƙwayar Brucella abortus ke haddasawa. Sai dai gwajin jini ba ƙwayar yake gani ba, martanin garkuwar jikin dabbar yake aunawa, shi ya sa kowane gwaji ke da inda yake tuntuɓe.

Ros Bengal shi ne mafi arha da sauri. Ana barin jinin ya daskare, a ɗebi ruwan da ya taso samansa, a ɗiga a kan farin tayil, a gauraya shi da daidai adadinsa na sinadari mai ruwan hoda, sannan a riƙa jujjuya tayil ɗin a hankali na tsawon minti 4. Idan haɗin ya tsinke ya yi ƙananan gudaji kamar nonon da ya kwana, an samu alama. Da wuya saniyar da ta jima da cutar ta tsallake shi, amma yakan kama wadda ba ta da laifi, musamman wadda aka taɓa yi wa allurar rigakafin bakkale mai suna S19, ko wadda ke ɗauke da wata ƙwayar hanji mai suna Yersinia. Shanun da suka sauka daga tirela a Legas kuwa galibi ba wanda zai iya gaya maka allurar da aka yi musu a Arewa ko a Nijar, don haka ban yarda a yanka saniya mai tsada a kan sakamakonsa kaɗai ba.

Duk saniyar da Ros Bengal ya nuna sai a tabbatar da ita da gwaji na biyu. Ni na fi ba da shawarar nau'in ELISA da ake kira cELISA, domin ya fi iya rarrabe wadda ta kamu da wadda rigakafi kawai aka yi mata, ko da yake shi ma ba ya rasa kuskure. Wani gwajin jinin da ake kira CFT ma amintacce ne, amma yana buƙatar ƙwararru da ɗakin gwaji mai kayan aiki, irin na Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Tsohon gwajin SAT, wanda ake kwanar da jini a kwalba, ba na son a kafa hujja da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne shanun da gwaji ya ce lafiyarsu ƙalau. Wadda ta kamu kwanan nan takan ɓuya, haka ma karsanar da ta ɗauko cutar daga uwa, wadda sau da yawa jininta ba ya nunawa sai ta yi cikin fari. Saboda haka ka ware sababbin shanun daga garke, a maimaita gwajin bayan kwana 30 zuwa 60, waɗanda suka yi ɓari kuma a sake ɗibar jininsu bayan mako 2 zuwa 3. Kafin sakamako ya fito, a tafasa madara kafin a sha ko a sayar, masu kula da shanun su sa safar hannu, a binne ɗan tayin da mabiyiya a rami mai zurfi inda karnuka ba za su tono ba, domin cutar tana kama mutane.